Talaka a Gaban Sashe na 42

Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya haramta nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda al'ummarsa, ƙabilarsa, asalinsa, jinsinsa, addininsa ko ra'ayinsa na siyasa. Bai ambaci talauci ba, alhali Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana a 2022 cewa mutum miliyan 133 ne ke fama da talauci ta fuskoki daban-daban.

Illar wannan giɓi ta fi fitowa fili a maganar beli. A ɗauki manomi a Rimaye da aka gurfanar da ɗansa gaban kotu. Sau da yawa sharaɗin da kotunan ƙasar nan kan gindaya shi ne a kawo mai tsaya wa wanda ake tuhuma, ko dai ma'aikacin gwamnati mai babban matsayi, ko mai gida da takardar mallaka. Gonar manomin kuwa gado ce, shaidarta dagaci da maƙwabta. Ɗan attajirin da ake tuhuma da laifi iri ɗaya zai kwana gida, ɗan manomi ya kwana a tsare, kuma babu kalma ɗaya a Sashe na 42 da aka saɓa wa.

Masu adawa da sanya talauci a jerin sukan ce hali ne mai sauyawa, yau fari gobe tsumma. Hujjar ba ta da ƙarfi, domin addini da ra'ayin siyasa ma ana sauya su, amma an kare su. Bugu da ƙari, Bahaushe bai taɓa ɗaukar kalmar "talaka" a matsayin ma'aunin aljihu kaɗai ba. Matsayi ne da ake haihuwar mutum a cikinsa, kishiyar basarake, kuma a wannan ma'anar ce jam'iyyar NEPU ta ɗora gwagwarmayarta tun 1950. Nan ne manazarta Hausa ke da abin da za su ba lauyoyi, tunda ƙaramin sashe na 2 na Sashe na 42 ya hana tauye mutum saboda yanayin haihuwarsa. An saba fassara shi a kan ’ya’yan da aka haifa ba da aure ba, amma lafazinsa ya fi haka faɗi.

Akwai kuma ƙofar da aka daɗe da buɗewa ba a cika shigarta ba. Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam, wadda Nijeriya ta mayar dokar cikin gida a 1983, ta ambaci dukiya ƙarara a Sashe na 2, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari'ar Abacha da Fawehinmi ta 2000 cewa kotunan ƙasar nan za su iya aiki da ita. Faransa ta sanya raunin tattalin arziki cikin dalilan wariya da ta haramta a 2016, wata kotun daidaito a Afirka ta Kudu kuma ta amince da talauci a 2018. Lauyan ɗan manomin Rimaye na iya kafa hujja da dokar 1983 tun yau, ba sai ya jira Majalisar Tarayya ta gyara kundi ba.