Takarda ba ta gyara na'ura

Duk wanda ya bi titunan Yamai, Maraɗi ko Damagaram ya ga allunan cibiyoyin koyon kwamfuta: wata uku, a biya kuɗi, a karɓi takardar shaida mai hatimi. Uba ya sayar da rago, uwa ta kwashe adashenta, yaro ya dawo gida da takarda. Amma ranar da kwamfutar biro ta ƙi tashi, wa ake nema? Yaron kasuwa mai gyaran salula, wanda ko lakkwal bai gama ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ba mu ce takarda banza ce ba. Mai ɗaukar ma'aikata ba shi da lokacin zama da kowa, dole ya nemi shaida. Sai dai takarda tana shaidar cin jarrabawa ne, kuma ana iya cin jarrabawa da haddar amsoshi. Kamfanin Cisco da kansa shekara 3 kawai yake ba takardarsa ta CCNA, daga nan sai mutum ya sabunta. Masu buga takardar sun san tana tsufa. Mu ne muka ɗauke ta kamar gadon gona.

Wannan cuta tsohuwa ce. Makarantar mulkin mallaka an kafa ta ne don samar da magatakarda da tafintoci. Tun 1964 Abdou Moumouni ya soki wannan tsari a littafinsa kan ilimi a Afirka. Shi kuwa takardu ba su yi masa ƙaranci ba, amma daga 1969 ya jagoranci ONERSOL, inda aka ƙera na'urorin ɗumama ruwa da zafin rana. A 1992 muka sa wa jami'ar Yamai sunansa. Sunan muka ɗauka, darasin fa?

Abu biyu muke nema daga magabata. Na farko, duk wata gasar ɗaukar ma'aikacin kwamfuta ta haɗa da gwajin hannu: a ajiye na'ura matacciya gaban ɗan takara, a ba shi awa guda. Na biyu, a buɗe wa gwanayen kasuwa ƙofar jarrabawa a makarantu irin su Lise Ɗan Kasawa ta Maraɗi, wanda ya iya a ba shi shaidarsa.

In ba haka ba, za mu ci gaba da biyan albashi ga mai takarda, mu kuma biya ladan gyara ga mai iyawa. Ƙasa matalauciya ba ta da halin biyan aiki ɗaya sau biyu.