Sahara Ba Hanyar Tsafe Ba Ce

Jama'a, direban da ya saba da kwalta daga Damba zuwa Tsafe kada ya zaci ya isa shiga Sahara don kawai ya sami Land Cruiser mai ja da ƙafa huɗu. Rairayi sai an rage iskar taya, an bi shi sannu. In mota ta kafe, shebur ne magani, totur sai ya ƙara binne ta.

Cikin watan Oktoba na 2013 motoci biyu suka lalace arewa da Arlit, ƙishirwa ta kashe mutum 92, yawancinsu mata da yara. A ganinmu, wajibi ne hukuma ta hana kowace mota tashi daga Agadas sai an ga jagoranta, an kuma auna ruwan da ta ɗauka.