Filin Manoma: Mai sabon babban moto

Bayan kaka, in an saida gujiya da wake, samarin Agiye da Gazawa kan sayi babban moto, irin su Kasea. Wasu sai su cire madubi da murfin sarƙa, wai don ado. Kuskure ne. Sarƙa takan kama zanen mace ko babbar riga, ta kayar da mutane.

Gyaran kirki ba shi da wuya. Mai walda ya ɗaura ƙarfen kare ƙafa. Moto yana da nauyi: in ya faɗi cikin rairayi yakan danne ƙafa, salansa ta ƙone ta. A ƙarfafa wurin ɗora buhu. Cikin jigawa a rage iskar taya kaɗan, a mayar da ita kafin a hau gudron Maradi.