Filin Antinku: Kwamfuta Ta Ƙi Karɓar Windows, Kada Ki Yi Saurin Sayarwa

Yau dai mun ɗan ajiye zancen kwalliya da na samari a gefe, domin wani abu ya faru a gidanmu wanda na ga bai kamata in bar shi a cikina ba.

Akwai ɗiyar yayata da ke ajin ƙarshe na sakandare. Da yake tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, sai uwarta ta kwashi adashinta ta saya mata 'yar kwamfutar cinya ta hannu don ta riƙa gwaji. Ba a yi sati biyu ba ta fara nuna shuɗin allo tana mutuwa. Wan ƙawarta ya ce ƙwayar cuta ce, a goge komai a zuba sabuwar Windows. Aka sa filashi, aiki ya fara, can sai ya tsaya cik. Sau uku ana yi. Suka kai wa wani mai gyara a kasuwa, ko buɗe ta bai yi ba ya ce wai madabod ya ƙone, amma zai taimaka ya saye ta a matsayin kayan gyara.

Na iske yarinya ta ci kuka har idanu sun kumbura.

"Anti, wallahi kunyar Umma nake ji, kuɗin adashinta ne fa."

Na ce, "Haba 'yar nan, share hawayenki. Kwamfutar da ke kunnuwa har ta fara karɓar aiki ba a yi mata jana'iza tukuna. Ɗauko min ita."

Ni dai na yi shekaru a shagon buga takardu, kuma abin da na koya shi ne, ana bin abin ɗaya bayan ɗaya ne, a fara da mai arha.

Na farko, filashin kansa. Ya zama ya kai giga 8, kuma lafiyayye, don jabu sun cika kasuwa. Muka canza masa kafar da ake sokawa, muka sake ɗora Windows ɗin a wani filashi daban. Ta sake tsayawa. Amma na lura da wani abu: kowane karo a wuri daban take tsayawa, har ta nuna lamba 0x8007025D. Wannan lambar sau da yawa ko dai filashi ne ya lalace, ko kuma Ram.

Ram wasu 'yan siraran sanduna ne a cikin kwamfuta, su ne kamar faifan da kike tankaɗe a kai, duk abin da za a zuba sai ya bi ta kansu. In faifan ya huje, ai gari zubewa zai yi. Muka kashe ta, muka zare caja da batir, na taɓa ƙarfen taga don lantarkin jikina ya fita, sannan na kwance murfin baya. Sanduna biyu ne, kowace giga 4. Na zare guda muka gwada, ta tsaya. Na mayar da ita na zare ɗayar, sai ga aiki ya tafi sumul har ƙarshe. Ashe sanda ɗaya ce ta lalace, ita ce kuma tun farko ke jawo shuɗin allon nan, ba wata ƙwayar cuta. Yarinya ta daka tsalle ta rungume ni, uwarta kuwa har da guɗa.

To da yake ba kullum ne laifin Ram ba, ga sauran wuraren da za ki duba.

Faifan ajiya, wato had-dis. In an zo wurin zaɓen inda za a zuba Windows aka ga wayam, to ko ya goce daga mazauninsa, ko ya mutu, ko kuma a sababbin kwamfutoci yana neman direbarsa. In kina jin yana ƙas-ƙas, kwanansa ya kusa ƙarewa, ki kwashe kayanki tun da wuri. Kwamfutar HP, ki danna Esc sannan F2 da zarar kin kunna. Dell kuma F12. Za ki sami wurin da take gwada faifanta da Ram ɗinta da kanta, kyauta.

Zafi. In tana mutuwa ɗif a tsakiyar aiki, ƙasanta ya yi zafi rau, ƙurar hunturu ce ta toshe fanka. Ki daina ɗora ta a kan katifa ko filo, a kuma hure mata ƙurar.

Wuta. Kada ki fara in batir ba ya riƙe caji kuma ba ki da tabbacin wuta.

Kwanan wata. In kullum agogonta yana komawa baya, wani ɗan batir ne mai kamar kwabo a ciki ya ƙare, galibi CR2032.

Sai kuma tsufa. Windows 11 da ta fito a 2021 tana buƙatar Ram giga 4, ma'ajiya giga 64, da wani abin tsaro mai suna TPM 2.0. Tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi, ba wai sun lalace ba ne. Windows 10 kuwa kamfanin Microsoft ya janye mata tallafin da ya saba bayarwa tun 14 ga Oktoba 2025. Saboda haka kafin ki sayi ta hannu, ki tambaya ko tana ɗaukar 11. Matambayi ba ya ɓata.

Abu na ƙarshe, shi ya fi damuna. Goge faifai yana tafiya da komai, don haka ki kwafe takardunki tukuna. In kuma dole sai an kai wa mai gyara, ki je da yayanki ko wani babba, a yi a gabanku, ko a zare faifan ki taho da abinki. Hotunanki na cikin ɗaki, ba ɗankwali ba mayafi, ba na idon kowa ba ne. Masu gyara na kirki suna nan da yawa, amma rigakafi ya fi magani.

Ɗiyata dai tana nan tana gwajinta dare da rana, ku taya mu da addu'a Allah ya ba ta sa'a, tare da duk masu shirin zana jarrabawa. Mai tambaya ta aiko da wasiƙarta kamar yadda aka saba. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Taku har kullum,
Antinku.