Wa Ake Kora Idan an Sauƙaƙa Kora?

Fiye da shekara goma ke nan 'yan majalisar dokokin Amurka suna kai-komo a kan magana guda: yadda za a sauƙaƙa korar ma'aikacin gwamnatin da ya kasa riƙe amanar 'yan mazan jiya. Sun kafa doka a 2014, kotu ta warware musu ƙullin. Sun sake kafa wata a 2017, ita ma ba ta kai labari ba. A farkon 2025 suka shigo da wani sabon ƙudurin. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin tagar ofis yana roƙon haƙƙinsa zai ce a kori malalaci yau-yau, ni ma abin da zuciyata take faɗi ke nan. Sai dai abin da ya biyo bayan waɗannan dokoki ya isa ya sa mutum ya sassauta murya, ya duba wanda wuƙar take yanka.

Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji ta Amurka katafariya ce. Ma'aikatanta sun haura 400,000, manyan asibitocinta kimanin 170, tsofaffin sojojin da ke da rajistar neman magani a wurinta kuwa wajen miliyan 9 ne. Akwai wanda ya baro ƙafarsa a Vietnam, akwai wanda ya dawo daga Iraƙi ko Afghanistan barci ya gagare shi har yau.

A watan Afrilun 2014 asiri ya tonu a asibitin ma'aikatar da ke Phoenix, cikin jihar Arizona. Wani likita da ya yi ritaya daga wurin, Dokta Sam Foote, shi ya fasa ƙwai. Hukuma ta gindaya wa asibitoci cewa kada marar lafiya ya wuce kwana 14 bai ga likita ba, aka kuma ɗaura ladan ƙarshen shekara da ƙarin girman shugabanni a kan cika wannan sharaɗi. Likitoci ba su isa ba, marasa lafiya kullum ƙaruwa suke yi. Sai aka ɓullo da dabara. Tsohon soja zai zo ya zauna a gaban akawu, akawu ya shigar da sunansa a kwamfuta yana kallo, ya buga abin da ke kan allon a takarda, sannan ya rufe bai adana ba. Bawan Allah ya miƙe, ya yi godiya, ya koma gida yana sauraren kira. Sunansa kuwa yana can cikin wani jerin ɓoye, ba za a dawo da shi rajistar gaskiya ba sai ranar ganin likitan ta matso. Idan ka duba takarda, kowa yana samun likita a kan kari.

Da babban sufeton ma'aikatar ya kutsa, ya tarar da mutum 1,700 suna jiran magani alhali babu sunansu a rajista. A cikin waɗanda ya bi diddiginsu, asibitin ya rubuta cewa kwana 24 suke jira, ashe kwana 115 ne. An ba da rahoton cewa aƙalla mutum 40 sun rasu suna cikin jira, ko da yake masu binciken sun ce ba za su iya rantsuwa cewa jinkirin ne ajalinsu ba. Ranar 30 ga Mayu, ministan ma'aikatar, Janar Eric Shinseki mai ritaya, wanda shi kansa ya rasa wani sashe na ƙafarsa a Vietnam, ya ajiye aiki.

Masu cewa a sauƙaƙa kora suna da hujja, kuma ba zan tauye musu ita ba. Ofishin da ke bincikar ayyukan gwamnati a madadin majalisa ya faɗi a 2015 cewa korar ma'aikacin dindindin saboda gazawa tana cin wata shida zuwa shekara, wani lokaci ma fiye, kafin a zo maganar ɗaukaka ƙara. A tsawon wannan lokaci albashinsa yana shiga, abokan aikinsa suna ɗauke masa kaya, marar lafiya yana kwance. Nas ɗin da take zuwa da asuba ta tashi da dare tana kallon wanda ba ya tsinana komai yana karɓar abin da take karɓa, ba a jimawa ita ma jikinta zai yi sanyi. Wannan zalunci ne, kuma wanda ake zalunta shi ne mutumin da ya sayar da ransa domin ƙasar.

To, sai aka yi dokar farko. Shugaba Obama ya sa mata hannu a watan Agustan 2014. Ta ba babban jami'in da aka kora kwana bakwai ya ɗaukaka ƙara, ta ba alƙali kwana 21 ya yanke hukunci, daga nan magana ta ƙare. Aka kori shugabar asibitin Phoenix, Sharon Helman. Da aka je gaban alƙali, ma'aikatar ta kasa tabbatar da laifin jerin ɓoye a kanta. Abin da ya kama ta shi ne kyaututtukan da ta karɓa daga wani mai yi wa 'yan kwangila kamun ƙafa, har da kuɗin yawon shaƙatawar danginta a Disneyland. Wasu manyan jami'ai biyu kuma, waɗanda sufeto ya ce sun yi amfani da muƙaminsu sun tura kansu wuraren aiki masu sauƙi, gwamnati ta kashe wajen dala 400,000 a kan ƙaurarsu, an rage musu girma. A farkon 2016 alƙalai suka soke hukuncin ɗungurungum. Dalili? An bar wasu da ke da hannu a lamarin ba a taɓa su ba, sabuwar dokar kuma ta hana alƙali ya sassauta hukunci, sai dai ya tabbatar ko ya rushe. A watan Mayun 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce sashen dokar da ya mayar da hukuncin alƙalin na ƙarshe ya saɓa wa tsarin mulki.

Wata guda bayan nan aka yi ta biyu, wadda Shugaba Trump ya sa wa hannu ranar 23 ga Yuni, 2017, da goyon bayan jam'iyyun biyu. A majalisar wakilai mutum 368 suka amince, 55 suka ƙi. Wannan karon ba manya kaɗai ta shafa ba, ta sauko har ƙasa. Ta ce a gama komai cikin kwanakin aiki 15, ma'aikaci yana da bakwai a ciki ya kare kansa. Ban ga aibi a nan ba. Inda gizo ke saƙar shi ne batun hujja. A da, sai hukuma ta nuna cewa hujjarta ta rinjayi ta ma'aikaci. Ma'aikatar ta ɗauki sabuwar dokar a matsayin izinin kora da hujjar da wani mai hankali zai iya yarda da ita, ko da ta ma'aikacin ta fi nauyi. Wato shugabanka yana iya ganin cewa mai yiwuwa kai ke da gaskiya, ya kuma sallame ka.

Dubban mutane aka kora. Da aka bi sunayen, sai ga masu shara da goge-goge, masu rabon abinci a ɗakunan jinya, da mataimakan nas-nas sun cika jerin. Abin takaicin shi ne dokar Amurka ta keɓe aikin shara a ofisoshin tarayya ga tsofaffin sojoji, sai an rasa su ake ɗaukar wani. Ke nan da yawa daga waɗanda aka sallama da sunan kare 'yan mazan jiya su ma 'yan mazan jiyan ne, waɗanda suka dawo daga fagen daga suka kama tsintsiya. Manya fa? A watan Oktoban 2019 babban sufeto ya fitar da rahoto a kan ofishin da aka kafa musamman don ladabtar da shugabanni da kare masu fallasa ɓarna. Ya ce cikin kusan shekara biyu babban jami'i ɗaya tak aka kora da sabon ikon. Ya ce ofishin yakan mayar da ƙorafi hannun sashen da aka kai ƙararsa, har ya taɓa juyawa ya bincike wanda ya kawo ƙarar. An ba kura ajiyar nama.

Wannan shi ya fi damuna a cikin lamarin gaba ɗaya. Ɓarnar Phoenix daga sama ta sauko: shugabanni suka ƙirƙiro lissafin ƙarya, akawu ya bi umarni. Da a ce a lokacin shugaba yana da ikon korar akawu cikin mako uku da 'yar guntuwar hujja, wane akawu ne zai buɗe baki? Wuƙar da aka wasa don malalaci tana shiga hannun shugaba ne, kuma idan shugaban ne ɓarawon, wanda ya gan shi zai fara yankawa.

Kotuna ba su ɓata lokaci ba. A 2020 suka ce ba za a hukunta mutum da dokar a kan laifin da ya riga ta ba. A 2021 suka ce dole hujjar hukuma ta rinjaya, dole kuma a duba tsawon hidimar mutum da girman laifinsa kafin a zaɓi hukunci. Hukumar sasanta rigingimun ƙwadago ta ce ma'aikatar ta karya yarjejeniyarta da ƙungiyar ma'aikata da ta daina ba su wa'adin gyara aiki. A watan Afrilun 2023 ma'aikatar ta jingine dokar, a watan Yuli ta yi sulhu da ƙungiyar, aka biya kimanin mutum 1,700 kuɗin da ya haura dala miliyan 100. Kuɗin da zai ɗauki likitoci ya tafi biyan diyyar korar da aka yi ba bisa ƙa'ida ba, kuma babu mamaki a cikin waɗanda suka karɓa akwai malalata na gaske, waɗanda da an bi hanya da sun tafi ba su dawo ba.

Ga wani labari da yake nuna inda ciwon yake. A asibitin ma'aikatar da ke Fayetteville, jihar Arkansas, Dokta Robert Levy shi ne shugaban ɗakin gwaje-gwaje, mai duba tsokar da aka yanko ya ce akwai sankara ko babu. A 2016 aka kama shi a buge a bakin aiki. Aka tura shi gidan gyaran hali, ya dawo, aka mayar masa da kujerarsa da sharaɗin a riƙa gwada jininsa da fitsarinsa. Sai ya koma sayen wani sinadari mai bugarwa wanda gwajin ba ya ganowa. Ƙa'ida ta ce likita na biyu ya duba sakamako mai haɗari. Levy yakan rubuta da hannunsa cewa abokin aikinsa ya duba ya yarda. Sai a 2018 aka kore shi. Da aka sake duba gwaje-gwajensa kusan 34,000, aka samu kuskure sama da 3,000, wasu an ce musu lafiya lau suke alhali sankara tana cin su. A 2021 aka ɗaure shi shekara 20. Babu dokar da ta hana a raba likita mashayi da na'urarsa tun ranar farko. Ma'aikata sun yi ƙorafi tun da wuri, waɗanda ke sama ne suka kau da kai, suka bar shi yana sa ido a kan aikin kansa.

Kariyar da ma'aikacin gwamnati yake da ita a Amurka ba haka kawai ta faɗo ba. A 1881 wani mai neman muƙami da ya ga an hana shi ya harbe Shugaba James Garfield, shi ya sa a 1883 aka yi dokar ɗaukar aiki bisa cancanta, a 1912 aka ƙara da cewa ba a kora sai da dalili. Mu ma a Nijeriya mun ɗanɗana ɗaya gefen. A 1975 gwamnatin marigayi Janar Murtala Muhammad, Allah Ya jiƙansa, ta sallami ma'aikata sama da 10,000 nan take, wasu a rediyo suka ji sunansu. Niyyar gyara ce, kuma an yi waje da ɓata-gari da yawa. Amma an haɗa da na kirki, an ba masu ƙulli a zuci damar ramuwa, kuma tsofaffin ma'aikata da dama sun sha faɗin cewa daga lokacin ne wanda ke kan kujera ya fara tunanin tara abin gobe tun da ba shi da tabbacin kwana a kanta.

Ina nan a kan cewa wanda ya wulaƙanta tsohon soja ya tafi, kuma ya tafi da wuri. A ɗaure hukuma da wa'adi kamar yadda aka ɗaure ma'aikaci, shugaban da aka kai masa ƙorafi ya danne shi ya zama shi ne farkon wanda za a tuhuma. A bar wa alƙali ikon rage hukunci, don kada ƙaramin kuskuren hukuma ya wanke mai babban laifi. A kuma cika kujerun masu shari'ar, domin hukumar da ke sauraren ƙarar ma'aikatan tarayya ta zauna daga Janairun 2017 zuwa Maris na 2022 ba ta da isassun mambobin da za su yanke hukunci, ƙararraki wajen 3,800 suka taru, a daidai shekarun da 'yan siyasa ke kukan cewa shari'a tana jan ƙafa. Duk wannan zai rage watannin jira ba tare da an taɓa nauyin hujja ba.

Ƙudurin da ɗan majalisa Mike Bost da Sanata Jerry Moran suka gabatar a farkon 2025 yana neman ya rubuta ƙaramar hujjar nan ɓaro-ɓaro a cikin doka, yadda kotu ba za ta sake samun ƙofar shiga ba. Ya zo ne a shekarar da ma'aikatar ta sallami kimanin ma'aikata 2,400 da ke zaman gwajin aiki a cikin watan Fabrairu kaɗai, ba tare da an zauna an auna aikin kowannensu ba, sannan a watan Agusta ta soke yarjejeniyarta da yawancin ƙungiyoyin ƙwadagonta. A irin wannan yanayi, da ni ɗan majalisa ne, ba zan ɗaga hannu ba sai an cire sashen hujjar nan, an bar na wa'adi.