Giyar Hannu Ko Otomatik? Shawararmu Ga Mai Son Mota Mai Gudu A Gombe



Akwai musun da ya ƙi ƙarewa a majalisun samarinmu, daga Tudun Wada zuwa Pantami, daga Jekadafari zuwa Tumfure: wace ce ta fi, mota mai giyar hannu ko otomatik? Ba zancen Sharon ko Vectra ta haya ake yi ba. Ana magana ne a kan motocin nan masu ƙarfin inji da suka fara yawa a hannun 'ya'yanmu da ƙannenmu, irin su BMW 335i da Golf GTI da Benz C350. Wasu cikin mambobinmu sun nemi jin ra'ayin ƙungiya kafin su zuba kuɗinsu, wasu kuma iyaye ne da yaransu suka matsa musu lamba. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: wanda zai sayi irin wannan mota ta hannu domin ya hau a Gombe, giyar hannu ta fi masa rufin asiri. Ga dalilanmu.

Mu fara da ba masu otomatik gaskiyarsu. Idan gudu zalla ake magana, an daɗe da yanke hukunci. Tun 1989 kamfanin Ferrari ya saka wa motarsa ta tseren Formula 1 giyar da direba ke canzawa da yatsa a bayan sitiyari, ba tare da taka kuloci ba. A 2003 Volkswagen ya fito da giyar DSG mai kuloci biyu. Kuloci ɗaya na riƙe da giya ta ɗaya da ta uku da ta biyar, ɗayan kuma na riƙe da ta biyu da ta huɗu da ta shida. Kafin a gama da wannan giya, mai biye mata ta riga ta shirya, don haka canjin ba ya kai ƙiftawar ido. Babu hannun ɗan Adam da zai kamo wannan. Shi ya sa yau Ferrari da Lamborghini ba sa ƙera motocinsu da giyar hannu, Corvette ta Amurka ma tun samfurin 2020 babu ita.

Amma ko a can ba a rufe maganar ba. A 2013 Porsche ya fitar da 911 GT3 ba tare da giyar hannu ba, masu saye suka yi ta ƙorafi, sai ga shi a 2017 ya dawo da ita. Toyota ma ya ƙara wa Supra giyar hannu a 2022. Mutanen nan sun san otomatik ta fi sauri, amma sun ce daɗin tuƙi suke saye, ba daƙiƙa ba.

To mu a nan, ina za mu kai wannan daƙiƙar? Dokar hanya ta ƙayyade wa ƙaramar mota kilomita 50 a awa ɗaya a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Wanda ya bi hanyar Bauchi ko ta Dukku, ko ya nufi Yola ta Kumo da Billiri da Kaltungo, ya san abin da ke jiransa: rami, garken shanu, tirelar siminti daga Ashaka, ɗan acaɓa da ya fito ba sigina. Fifikon da otomatik ta samu a filin tsere ba shi da inda zai yi amfani a titunanmu. Abin da ya rage a tambaya shi ne wace ce za ta daɗe, kuma wa zai gyara ta ranar da ta tsaya.

A nan ne giyar hannu ta ci. Bakanikenmu da ita ya tashi. Tun da kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, ƙarni guda na masu gyara suka koyi sana'a a kan 504 da 505, daga baya 406. Idan kuloci ya cinye, a sauke giyabos a canza faranti, gobe mota ta hau titi. Giyar zamani mai kuloci biyu kuwa tana da nata ƙwaƙwalwa ta lantarki da bawul-bawul a ciki. Ba a gane ciwonta da kunne, sai an jona kwamfuta, kuma ba kowane gareji ke da na'urar da mai iya karanta ta ba. Tana da nata mai na musamman, wasu nau'o'in ana son a canza shi kusan kowane kilomita 60,000. A zuba mata wanda ba nata ba, ta fara fizga. Sau da yawa ƙarshen maganar shi ne a aika Kano ko Legas a nemo wani giyabos ɗin, shi ma na hannu, wanda ba wanda ya san tarihinsa.

A haɗa da yanayinmu. A watan Maris da Afrilu zafin Gombe kan kai maki 40. Zafi shi ne babban abokin gabar man giya, kuma tafiyar kunkuru a cunkoson bakin kasuwa, ana matsawa ana tsayawa, ita ce ke ƙona kuloci biyun nan, musamman nau'in da ba ya cikin mai. Batir ya mutu a hanyar Dadin Kowa, mai giyar hannu zai samu mutum uku su tura masa ta tashi. Otomatik ba a tura ta, kuma ko jan ta da igiya mai nisa na iya lalata giyar. Mu tuna cewa motocin nan ba sababbi muke saye ba. Tokumbo ce da ta yi shekara goma ko fiye a Turai ko Amurka, kuma wanda ya sayi mota mai gudu a can ba don ya lallaɓa ta ya saya ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, mai inji babba yana ji a aljihu kullum, bai kamata ya ƙara wa kansa giyar da gyaranta zai cinye jarinsa ba.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce yawancin motocin da ke shigowa yanzu otomatik ne, wasu ma kamar Lexus IS 350 ba a taɓa yin su da giyar hannu ba. Gaskiya ne. Za a ce dattijo mai ciwon gwiwa, ko uwargida mai kai yara makaranta, me ya haɗa su da taka kuloci a cunkoso? Wannan ma gaskiya ne, kuma ba da su muke ba. Wanda lalura ta sa dole sai otomatik, ya nemi irin ta da, mai aiki da mai, irin ta Toyota da Lexus, wadda masu gyaranmu suka saba da ita. Ya duba launin man giyar da warinsa kafin ya biya, ya sa a jona kwamfuta, ya tuƙa ta har ta yi zafi ya ji ko tana fizga.

Sai magana mafi nauyi, wadda ta sa muka ga bai kamata mu yi shiru ba. Giyar hannu tana da wani amfani da ba a lissafa shi da kuɗi: ba ta yarda da wanda bai koya ba. Yaron da bai iya haɗa kuloci da totur ba, ko ƙofar gida ba zai wuce ba, motar za ta mutu masa. Otomatik kuwa, ɗan shekara goma sha biyar ya ɗauki makulli ya taka, ƙarfin doki 300 ya amsa masa nan take, alhali doka ba ta ba da lasisi sai ga ɗan shekara 18. Uban da ya ajiye irin wannan mota a gida ya san abin da ya ajiye.

Amma kada wani ya ɗauka mun wanke giyar hannu. Masu wasan mota a wajen ɗaurin aure da ranar Sallah ita suka fi so, domin da kuloci da birkin hannu ake juya mota tana ƙara tana hayaƙi. A ƙasashen da ake wannan wasa a matsayin gasa, akwai fili na musamman, da shinge tsakanin mota da 'yan kallo, da hular kwano, da motar asibiti a gefe. Mu a nan shingen shi ne yaran unguwa da suka zagaye suna tafi. Taya ɗaya ta fashe, gidan biki ya koma gidan makoki. Babu giyar da za ta hana wannan, sai mu.

Don haka muna kira ga mambobinmu da abu uku. Wanda zai sayi mota mai ƙarfi ya tafi da bakanikensa, ya tambaye shi ko zai iya gyara giyarta kafin ya tambayi gudunta. Iyaye su sa yaro ya koyi tuƙi da giyar hannu a makarantar koyon tuƙi, ya samu lasisi, kafin a miƙa masa kowane makulli. Sannan duk wanda zai aurar da ɗa ko 'ya a cikinmu ya faɗa wa abokan ango tun kafin ranar cewa ba a yarda da wasan mota ba, ya kuma sanar da mai unguwa. Muna roƙon limamanmu su riƙa tunatarwa a wajen ɗaurin aure.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya kiyaye hanyoyinmu, Ya sa abin hawanmu ya zama mai albarka. Amin.

Sakataren Ƙungiya