Alheri Ba Hajar Kasuwa Ba Ne

Akwai wata magana da ta yi ƙarfi a tsakaninmu, wai ba wanda zai taimaki wani sai ya ji ƙanshin kuɗi. Har wasu masu wa'azi sun mai da ita koyarwa. Sukan yi maka addu'a ta waya, kafin ka ce amin sun turo lambar asusu. Sukan sayar da mai a 'yar kwalba, su ce girman baikonka shi ne girman amsar da za ka samu. Wannan koyarwa ƙarya ce, kuma tana cin ikkilisiya kamar yadda gara take cin azara.

Buɗe 2 Sarakuna sura 5. Na'aman, sarkin yaƙin Suriya, ya zo neman warkarwa daga kuturta ɗauke da talanti 10 na azurfa, da zinariya 6,000, da riguna 10. Wa ya nuna masa hanya? Wata yarinya ce baiwa da aka kamo daga ƙasar Isra'ila, wadda ba ta da albashi, ba ta ma da 'yancin kanta. Da ya nutse sau 7 a Urdun ya warke, ya roƙi Elisha ya karɓi kyauta, annabin ya ƙi. Sai Gehazi baransa ya bi karusar a guje, ya shirya ƙarya, ya karɓo talanti 2 da riguna 2. Abin da ya shiga gida da shi a ƙarshe kuturta ce. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Na'aman ya kama hanyar gida da sanin cewa Allah na Isra'ila ba ya sayar da jinƙansa, Gehazi kuwa ya so ya ɓata masa wannan sani. Haka Siman mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi a Samariya don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya tsauta masa ba sassauci (Ayyukan Manzanni 8).

Wani zai ce, to, fasto iska zai ci? A'a. Bulus ya koyar a 1 Korintiyawa 9 cewa mai shelar bishara yana da hakkin cin abinci daga aikinsa, kuma ikkilisiyar da take barin mai bishararta na ƙauye wata da watanni ba albashi tana da alhaki a wuyanta. Amma a wannan sura ɗin Bulus ya ajiye hakkinsa don kada a sa wa bishara shinge, a Korinti kuwa ɗinkin alfarwa ya yi ya ci da kansa. Kula da ma'aikaci wajibin jama'a ne. Sa wa addu'a farashi kuwa rufe ƙofa ne a fuskar gwauruwa da maraya, su da suka fi kowa bukatarta.

Kada ka ɗora laifin duka a kan masu bagade. Ranar gidauniya, in ba za a kira sunanka da lasifika ba, nawa kake bayarwa? In dattawa suka ce a je gai da marar lafiya, kakan fara tambayar kuɗin mota? Yesu ya zauna daura da baitulmali ya ga attajirai suna zuba da yawa, amma matalauciyar gwauruwa mai 'yan anini 2 ya yaba (Markus 12). Iyayenmu sun yi gayya sun nome gonar wanda ciwo ya kwantar, ladansu kunu ne da godiya. Matan Zumunta har yau suna kwana a gidan makoki, suna tuƙa tuwo, ba mai biyansu.

Kuɗi yana iya ɗaukar ɗan ƙwadago, amma in ya ƙare ɗan ƙwadago ya tafi. Saboda haka ka ba da baikonka da yardar rai, a ɓoye in ya yiwu. Ka biya masu yi muku hidima hakkinsu kan lokaci. In an taimake ka, ka gode da abin da hannunka ya iya. Amma duk wanda ya ce sai ka biya kafin ya durƙusa dominka, ka riƙe kuɗinka, ka nemi dattawan ikkilisiyarka su yi maka addu'a kamar yadda Yakubu 5 ya umarta. Ubangiji ya tsarkake hannuwanmu da zukatanmu. Amin.